Bin Sawun Mashi da Garkuwa a Ostireliya

Mahaifina dillalin kayan tarihi ne. Ya daɗe a Abijan cikin Hausawan da ke sayar wa Turawa gumaka da fuskokin katako da tsofaffin takubba, kuma a gabansa na koyi yadda ake juya abu a hannu, a shinshina shi, a duba gindinsa kafin a dubi fuskarsa. Ban gaji sana'ar ba, aikin gwamnati na yi har na ajiye, amma idon bai bar ni ba. Don haka da ɗan ƙanena Abba ya gayyace ni bikin gama karatunsa a Adeled, na ce masa bayan biki ba bakin teku nake son zuwa ba, ba kallon kangaru ba. Ya kai ni inda ake ajiye makaman mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar.

"Baffa, ai wannan ko mota ba sai mun shiga ba," in ji shi.

Gidan tarihin Kudancin Ostireliya yana jikin jami'a a titin North Terrace, kuma shiga kyauta ne. Masu gidan sun ce babu inda aka tara kayan Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar, a duniya kamar wurinsu, abubuwa wajen 30,000, wanda ke fili kuwa ɗan kaɗan ne daga ciki. Abin da na fara lura da shi shi ne abin da babu. Babu baka, babu kibiya. Mutanen da suka zauna a nahiyar nan shekara sama da 50,000, da harsuna kusan 250, ba su yi farauta da baka ba, sai dai mutanen tsibiran Torres da ke can arewa kusa da Niu Gini. Mashi suka riƙe, da wani katako da ake kira wumera wanda ake saƙala gindin mashin a ƙugiyarsa a wurga, sai hannu ya zama kamar an ƙara masa tsawo.

Bumeran ɗin da duniya ta sani, wanda ake jefawa ya yi kewaye ya dawo, shi ne mafi ƙaranci a bangon. Yawancinsu manya ne masu nauyi, ba don su dawo aka yi su ba, don su karya ƙafar dabba ne. Da su ake tonon ƙasa, da su ake kaɗa waƙa a haɗa biyu ana bugawa. Akwai wani mai ƙugiya kamar lamba 7 daga yankin Tennant Creek, na faɗa ne: ƙugiyar ta kama gefen garkuwa, jikin sandar ya lanƙwaso ya sami wanda ke bayanta. A fadamar Wyrie da ke kudancin jihar an tono wasu a 1973 waɗanda suka kai shekara 10,000, laka ce ta hana su ruɓewa.

Garkuwoyin su suka fi cinye mini lokaci, don kowace tana gaya maka irin ƙasar da ta fito da irin dukan da take tarewa. Ta kudu maso gabas siririya ce, ƙaƙƙarfan katako, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, don kare kulki. Ta tsakiyar hamada mai kauri ce amma ba nauyi, an shafe ta da jar ƙasa. Ta dajin arewacin Kwinsland kuwa sai ta rufe mutum daga haɓa zuwa gwiwa. Daga saiwar wani irin ɓaure ake fafe ta, a zana ta da fari da ja da rawaya da baƙi, don tare wani takobin katako mai tsawon gaske.

Na bi ƙananan takardun da ke ƙarƙashin kayan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka koya mini. Za ka ga wurin da aka samo abu, da shekara, da sunan wanda ya kawo shi: ɗan sanda, fasto, mai gidan waya, mai kiwon shanu, malamin jami'a. Sunan wanda ya sari itacen ya sassaƙa, a tsofaffin kayan, da wuya ka gan shi. Na ce wa Abba ya duba ko idona ne. Ya bi layi guda har ƙarshe ya dawo yana girgiza kai.

Sai dai kada mai karatu ya yi saurin cewa duk sata ce. A gidan nan akwai wasu 'yan sanduna da ake kira towa, kusan 400, kowace ba ta wuce kamu ɗaya ko biyu ba, an yi musu kai da farar ƙasa da gashin tsuntsu. Wani fasto Bajamushe, Johann Reuther, ya tara su a mishan ɗin Killalpaninna kusa da tafkin Eyre, ya sayar wa gidan tarihin tarinsa a 1907 a kan fam 400. Ya ce alamun hanya ne, idan mutane za su tashi daga zango sai su kafa ɗaya don mai zuwa ya san inda suka nufa. Matsalar ita ce babu wani baƙo da ya taɓa ganin irinsu kafin shi, kuma ba a ƙara ganinsu bayansa ba. A 1986 masana biyu, Philip Jones da Peter Sutton, suka kawo hujjar cewa mai yiwuwa mutanen Diyari, 'yan asalin yankin, sun ga fasto yana son kaya yana kuma biya, suka ƙirƙiro masa. An yi ta ce-ce-ku-ce a kai. Ni dai dariya ta kama ni a gaban gilashin, don na san irin wannan ciniki tun ina yaro. In gaskiya ne, ba su yi masa ƙarya a kan ƙasarsu ba, kowace sanda sunan wani wuri ce na gaske da labarinsa. Siffar ce kawai suka yi daidai da aljihun mai saye.

Haka tsinin mashin Kimberley, can arewa maso yamma. Asalinsa da dutse ake yi, ana danna gefen da ƙashi ko itace ana ɓantare shi kaɗan-kaɗan har ya yi haƙora kamar zarto. Da Turawa suka zo da kwalabe da kaskon tangaran da ake ɗaura wayar tangaraho a kai, masassaƙan suka koma kansu. Na ga kore, na ga ruwan zuma, na ga fari fat, haske na ratsa su. Da yawa ba su taɓa hawa kan mashi ba, don masu tarawa aka yi su.

Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin Little Gilbert Street, wanda Afganawa masu raƙuma suka gina a 1888, hasumiyoyinsa huɗu aka ƙara a 1903. Washegari muka leƙa wani gidan gwanjo da ke baje kaya don masu saye su gani kafin ranar ciniki. A nan wani dattijo Bature ya lura da yadda nake kifa garkuwa ina duba mariƙinta, ya matso ya tambaye ni ko ni ɗan sana'a ne. Na ce ɗan ɗan sana'a dai. Tsohon ma'aikacin safiyo ne, ya yi yawon daji da yawa, ya ce in muna da hali mu zo gidansa a kan tuddan bayan gari mu sha shayi.

Ɗakin da ya kai mu a bayan gida yake, ba taga, don rana na cinye launi. Ya ɗauko wani bumeran ya ɗora mini a tafin hannu. Na itacen mulga ne, wata irin ƙirya ta hamadar, baƙi-baƙi da nauyi kamar ƙarfe. An tsaga masa layuka a tsaye daga kai zuwa gindi. Ya ce in bi su da farce. Layukan ba su miƙe sosai ba, zurfinsu bai zo ɗaya ba, cikinsu akwai 'yan tudu ƙanana inda gizagon dutse ya riƙa cizo yana tsayawa. Ya miƙo mini wani, wannan layukansa sumul, ƙarfe ne ya bi su. Na farkon, inda hannu ke kamawa ya yi sheƙi ya lotsa, jar ƙasar da kitsen da aka shafa sun shige cikin itacen. Na kai hanci: ƙura da tsohon hayaƙi, ba ƙamshin man goge katako. A gefe ɗaya akwai 'yar takarda da ta yi ruwan ƙasa, an rubuta sunan wata tashar shanu da tawada.

Ya ce a nan ma ana tsufar da kaya da man takalmi da ruwan shayi. Na ba shi labarin namu: a rataye gunki a saman murhu wata da watanni, a fesa masa tukar goro, a bizne shi kusa da gidan gara ta ɗan taɓa gindin. Ya yi dariya har da tari, ya ce ashe duniya ɗaya ce.

Abu uku ke sa kuɗi, in ji shi. Tsufa, musamman in aikin dutse ne kafin zuwan ƙarfe. Alamar an yi amfani da abin, kamar sara a fuskar garkuwa ko tabon wuta a inda aka goga wumera aka kunna ta. Sai takarda, wato jerin hannayen da abin ya bi. Bumeran na yau da kullum dala ɗaruruwa ne, garkuwar Kwinsland mai kyau da takarda kuwa sai ta haura dubu goma-goma. Kalmar da ta fi kowace tsada a kasuwar, ya ce, ita ce a ce ba don sayarwa aka yi abin ba.

Na ce, "To dattijo, abin da ba a yi don sayarwa ba, ta yaya ya bar hannun mai shi?"

Bai ji haushi ba. Ya ce wasu musaya aka yi da taba da fulawa da kan gatari, mai shi ya san zai sassaƙa wani gobe. Wasu kyauta ce tsakanin mutanen da suka yi aiki tare. Wasu kuwa an tsince su ne a zangon da 'yan sanda suka tarwatsa. Ya ambaci Coniston, inda a 1928 aka bi mutanen Warlpiri da maƙwabtansu da bindiga bayan an kashe wani Bature; hukuma ta amsa mutum 31, jama'ar wurin sun ce sun fi haka nesa. Wasu kuma daga kogo da kabari aka kwaso. Ya ce abin takaicin shi ne itacen ba ya faɗa maka wanne ne cikin huɗun, kuma takardar ta fi son ta faɗi sunan Baturen da ya fara riƙewa ta yi shiru a kan yadda ya samu.

Ya jawo wata aljihun tebur, babu komai a ciki sai tsohon ƙyalle. Ya ce da akwai duwatsu biyu masu zane da ya gada wurin kawunsa, na ibada ne, irin waɗanda mata da yara da baƙi ba sa gani. Ya kai su gidan tarihi don a nemi masu su. Ban tambaye shi siffarsu ba, shi ma bai faɗa ba.

A wurinsa na ji dokar. Tun 1986 Ostireliya ta hana fitar da wasu kayan Aborijin daga ƙasar kwata-kwata: kayan ibada na asiri, gawa da ƙasusuwa, akwatunan gawa na ɓawo da kututture, zanen dutse, da itatuwan da aka sassaƙa wa alama. Sauran tsofaffin kaya masu muhimmanci sai da izini. Amma doka ba ta bin abin da ya riga ya tsallaka teku. A 2022 aka kai wata garkuwa da wani zane na William Barak gwanjon Sotheby's a New York. Barak shugaban mutanen Wurundjeri ne na yankin Melbon, ya rasu a 1903, kuma yana cikin 'yan kaɗan da aka san sunansu a kan aikinsu. Kayan sun daɗe a hannun wani iyali a Suwizalan. Sai da jikokinsa suka yi karo-karo, gwamnatin jihar Biktoriya ta ƙara musu, suka biya sama da dalar Ostireliya 600,000 kafin kayan kakansu su dawo gida.

Daga Adeled zuwa Alice Springs, garin da ke tsakiyar hamadar ƙasar, kilomita 1,500 ne. Abba ya ce jirgi, na ce mota, kuma ni ne babba. Bayan Port Augusta itatuwa suka fara gajarta, ƙasa ta yi ja, hanya ta miƙe kamar an ja zare. Mun ratsa ta Woomera, garin da aka sa wa sunan katakon jifan mashi saboda a nan Birtaniya da Ostireliya suka buɗe filin gwajin roka a 1947. Yamma da nan, a Maralinga, aka fasa bama-baman nukiliya a 1956 da 1957 a ƙasar mutanen da aka kwashe. Mun kwana a Coober Pedy a ɗakin da aka fafe cikin dutse saboda zafi. Ban yi barcin kirki ba, ɗan Adam bai kamata ya kwana a ƙarƙashin ƙasa da ransa ba.

Wannan hanya raƙuma ne suka buɗe ta. Tun wajen 1860 aka riƙa kawo Musulmi daga Afganistan da Balocistan da arewacin Indiya da raƙumansu, su suka yi dakon kayan layin tangarahon da ya haɗa Adeled da Darwin a 1872. Da motoci da jirgin ƙasa suka karɓe aikin, madugai suka saki dabbobin a daji, jikokinsu na nan dubu ɗaruruwa. Sun shiga labarin tara kaya ta bayan gida: ayarin binciken Horn na 1894 a kan raƙumansu ya yi tafiya, a wannan tafiya ce Farfesa Baldwin Spencer ya haɗu da Frank Gillen, mai gidan wayar Alice Springs, su biyun suka zama manyan masu tara kayan mutanen Arrernte, 'yan asalin yankin, da labaransu. Tsohon gidan wayar na nan arewa da gari, ginin dutse a bakin busasshen kogi.

A wajen gari, ta hannun wata cibiyar masu sana'a ta jama'ar wurin, aka kai mu wurin wani dattijo da ke yin mashi. Kowa Kawu yake ce masa, muka bi sahu. Yana zaune a ƙasa, hular kaboyi a kai, wuta 'yar ƙarama a gabansa. Sandar mashin wata kurangar dutse ce mai tsawo, a karkace take zuwa. Ya tura ta cikin toka mai zafi, ya jawo, ya taka da tafin ƙafa ya lanƙwasa, ya ɗaga ya kanne ido ɗaya ya duba tsawonta, ya mayar. Gaɓa-gaɓa yake bi har ta miƙe. Tsinin na mulga ne. Sai ya ɗauko wani busasshen zare fari ya jefa a baki yana tauna, jijiyar ƙafar kangaru ce. Da ta yi laushi ya zaro ta ya naɗe mahaɗar tam, ya ɗaura 'yar ƙugiya a jikin tsinin. Ba ƙulli ko ɗaya. Ya ce in ta bushe za ta tsuke da kanta.

Ƙanwarsa na gefe da akushin katako mai tsawo, tana sheƙe dakakkiyar ciyawar hamada mai ƙaya har wani gari ya taru a gefe ɗaya. Ta kara masa itace mai wuta, ya narke ya zama baƙin danƙo mai ƙamshi, ta dunƙule. Da shi ake manna ƙanƙarar dutse a gindin wumera. Wumerar hamada faffaɗa ce mai ɗan zurfi, da ita ake jifa, da dutsen gindinta ake sassaƙa da feɗe nama, a cikinta ake dama jar ƙasa, gefenta ake gogawa a kan garkuwa a kunna wuta. Mai tafiyar ƙafa a ƙasar da ruwa ke nesa ba ya ɗaukar kaya biyar in ɗaya zai yi.

Na tambaye shi ko yana da mashin kakansa. Ya dube ni kamar na tambayi ko yana da tuwon bara. Ya ce kakansa ya yi mashi, ya karye, ya yi wani. Abin da ya bar masa shi ne yadda ake yi. Amma ya ƙara da cewa an taɓa kai su ɗakin ajiyar wani gidan tarihi a kudu, ya ga wani irin ɗauri da ba wanda ke yi yanzu, ya zauna ya ƙura masa ido har ya gane, ya dawo ya koya wa samari. Na sayi wumera ɗaya a wurinsa, ya faɗi kuɗi, ban taya ba, abin da mahaifina ba zai yafe mini ba. Cibiyar ta ba ni takarda da sunansa da harshensa da irin itacen. A ma'aunin dattijon Adeled wannan ba ta da daraja, sabuwa ce kuma don sayarwa aka yi ta. Ita kaɗai ce cikin duk abin da na taɓa a tafiyar na san wanda ya yi ta da yadda ta bar hannunsa.

Akwai kayan da ba a sake yin wasu in sun tafi. A unguwar Araluen akwai Cibiyar Strehlow, da aka buɗe a 1991. Ted Strehlow ɗan fasto ne, an haife shi a mishan ɗin Hermannsburg a 1908, ya tashi da harshen Arrernte a bakinsa. Daga shekarun 1930 dattawa suka riƙa damƙa masa tjurunga, duwatsu da katakan ibada waɗanda ke ɗauke da asalin mutum da ƙasarsa, tare da waƙoƙinsu, saboda suna tsoron samari sun bi Turawa ba mai riƙewa. Ya tara sama da 1,000. Shi a ganinsa an ba shi ne har abada, shi ne magajin ƙarshe. 'Ya'yan dattawan suka ce ajiya ce. A 1978 ya sayar wa mujallar Stern ta Jamus hotunan bukukuwan asiri, aka sake buga su a wata mujalla a Ostireliya inda kowa zai gani, mutanen da suka yarda da shi suka ji kamar an tsiraita su. Ya rasu a shekarar. Yau kayan na cikin ɗaki a kulle, dattawan da ke da haƙƙi kaɗai ke shiga, ana mayar da su sannu a hankali. Mun biya kuɗin shiga gidan tarihin da ke ginin, mun ga ƙasusuwan dabbobin da da duwatsun da suka faɗo daga sama. Abba ya ce, "Baffa, mun zo wurin da ya fi ko'ina kaya, ba mu ga ko ɗaya ba." Na ce haka ya kamata. Duk wanda ya san amana ya san ba hannu biyu ne kaɗai ke cikinta ba, akwai magada.

Hermannsburg ɗin muka je da safe, kilomita 125 yamma da gari, fararen gine-gine na 1877 zuwa sama da manyan itatuwa. Albert Namatjira, mai zanen da ya zama sananne a duk ƙasar, a nan ya fara da ƙona ado da jan ƙarfe a jikin bumeran da faifan mulga don mishan ta sayar wa baƙi. Waɗannan kayan tsaraba na jiya yau gidajen gwanjo ke rububinsu.

Sidni muka je a jirgi. Shagunan tsaraba na bakin tashar ruwa cike suke da bumeran masu ɗige-ɗigen fenti, ƙanana da manya, araha kamar a ce kyauta. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: katakon ba nauyi, zanen iri ɗaya a kan guda hamsin. A 2019 kotun tarayya ta ci kamfanin Birubi Art tarar dala miliyan 2.3 saboda sayar da irin waɗannan da aka yi a Indunusiya da sunan aikin Aborijin ne. Wani binciken gwamnati a 2022 ya gano biyu cikin uku na tsarabar da ake sayarwa da kamannin aikinsu jabu ne. Mai sassaƙa na gaske yana tsakiya: sama da shi masu kuɗi na neman aikin matattu, ƙasa da shi 'yan yawon buɗe ido na sayen aikin inji.

Motar haya ta kai mu La Perouse, a bakin Botany Bay ta arewa. Jama'ar Aborijin na wannan unguwa ba su taɓa barin gaɓar ba duk da birni ya kewaye su. Tun zamanin da taragu ke kawo 'yan shan iska ranar Lahadi suke sayar da bumeran da aka ƙona wa hoton gadar Sidni da 'yan takalman da aka yi wa ado da bawon kifi, iyalin Timbery sun yi suna a wannan. Daga nan kana hango Kurnell a ɗaya gefen ruwan, ga tashar kwantena a dama, jirage na sauka a bayanta.

A can Kurnell ɗin, ƙarshen Afrilun 1770, Kyaftin James Cook ya sauko daga jirginsa Endeavour. Mutum biyu na ƙabilar Gweagal suka tsaya a kan duwatsu da mashi suna hana shi. Aka harba bindiga, harsashi ya sami ɗaya a ƙafa. Turawan suka shiga bukkoki, Joseph Banks, masanin tsirrai da ke tare da Cook, ya rubuta a littafinsa cewa sun kwashe duk mashin da suka samu, arba'in ko hamsin. Yawancinsu na kamun kifi ne masu baki uku ko huɗu, wato ba makamai kaɗai aka ɗauke ba, abincin gida aka ɗauke. Tarin kayan Aborijin a Turai daga wannan rana ya fara. Huɗu kacal aka san inda suke. Lord Sandwich, wani babban jami'in Birtaniya, ya ba Kwalejin Trinity ta Kambirij a Ingila su a 1771, aka rubuta a littafin kwalejin, suka zauna a can har 23 ga Afrilun 2024, ranar da aka miƙa su ga wakilan La Perouse, bayan shekara 254. Ba su kaɗai ba ne: gidan tarihin Manchesta ya mayar da kayan ibada 43 a 2019, ya ƙara da wasu 174 ga mutanen tsibirin Groote a 2023.

Wani mutumin unguwar da muka tarar yana gyaran ƙugiya a kan duwatsu ya nuna mana inda jirgin ya tsaya. Ya ce har yanzu suna yin mashin kifi mai baki uku, sai dai bakin yanzu na ƙarfe ne. Abba ya tambaye shi labarin garkuwar, ya ɗaga kafaɗa ya ce wannan kuma wata shari'ar ce.

Garkuwar da ake nufi tana gidan tarihin Birtaniya a Landan, ta ɓawon itace, da huda a tsakiya. An daɗe ana cewa ita ce wadda mutumin da aka harba ya yar a wannan rana, kuma wani daga zuriyar Gweagal, Rodney Kelly, yana neman a dawo da ita tun 2016. Da aka binciki itacen sai aka ce na wani irin itacen gaɓar teku ne da ke tsirowa ɗaruruwan kilomita arewa da Sidni, hudar kuma ba ta harsashi ba ce. Masu nema suka ce kaya na yawo tsakanin ƙabilu ta hanyar musaya tun kafin Cook, itacen arewa a hannun mutumin kudu ba abin mamaki ba ne. Mashin huɗu sun dawo ne saboda wanda ya karɓe su a 1771 ya rubuta daga inda suka fito. Garkuwar ba ta da irin wannan takarda, ga kuma dokar 1963 da ta hana gidan tarihin Birtaniya rabuwa da kayansa, don haka tana Landan.